A Gabana Aka Dangwala

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, ina zaune a gindin mangwaron coci ina jiran matata Rifkatu ta gama gaishe-gaishenta da ba sa ƙarewa, na ji matasanmu suna zancen aiki. Wani mai wando kamar an zuba shi a ciki ya ce shi banki yake nema, don can ba wahala, sanyi ne da kujera mai juyawa. Wani ya nuno ni da baki ya ce a tambayi Baba Ishaya mana, ai su hatimi kawai suka yi ta bugawa har suka tsufa. Aka yi dariya, ni ma na taya su, don haƙorana sun yi ƙarancin da zan yi fushi da su.

Na yanke shawarar in rubuta muku, tunda in na buɗe baki kanku na kan waya. Ku yi haƙuri da rubutun. Firamare na gama, sakandare kuwa na leƙa ta, ta leƙo ni, kuɗin makaranta ya raba mu. Ku masu digiri sai ku gyara inda na karkace, in kun iya karanta Hausar.

Da keke na shiga aikin banki. Masinja ne ni a wani reshe kusa da babbar kasuwa, ina kai takardu, ina dafa shayi, ina goge kanta. Wanda ya ɗauke ni daga kan keken ya sa ni cikin keji, wato ɗakin biyan kuɗi, shi ne babban kashiyarmu, Malam Garba, wani Bazazzage siriri da ba ya dariya sai ranar albashi. Ya lura ba na shan ragowar madarar shayin manya, ya ce wanda ya bar madara zai iya barin kuɗi. Jarrabawar da na ci ke nan. Ku kuma na ji har da kwat ake zuwa taku.

Abin da ya fara koya mini ba ƙirga ba ne. Ƙirga kowane ɗan tireda ya iya. Yatsa ya koya mini. A lokacin yawancin masu zuwa kantata ba sa sa hannu, dangwalawa suke yi: tsoffin sojoji masu fansho, matan kasuwa, mahauta, dillalan shanu. Kayan aikin ba su da yawa, ɗan akwatin tawada, tsumma mai tsabta, soso mai ruwa, katin da ke ɗauke da zanen yatsan mutum tun ranar da ya buɗe asusu, sai hatimi. Za ka karɓi hannun mutum, ka goge babban yatsan, ka riƙe shi ta gaɓa, ka ɗora a tawada ba tare da ka nutsar da shi ba, sannan ka mirgina shi a kan takarda daga wannan gefe zuwa wancan. Mirginawa, ba dannawa ba. In ka danna, baƙin tabo za ka samu kamar an taka ƙwaro. Malam Garba ya sa na yi ta mirgina yatsan maigadi a bayan tsoffin takardu har maigadin ya fara ɓuya in ya hango ni.

Kowane yatsa da halinsa. Na mai wanki ya suɗe, sai ka bar shi ya bushe ka ɗan hura masa iska. Na makanike sai an yi masa wanka da kananzir. Na matar da ta sha lalle, ka yi haƙuri ka nemi haske. Na tsohon soja kuwa ƙarfe ne, yana miƙo maka shi kamar zai harbe ka, in ka ce ya saki jiki ya ce shi tun yana saurayi aka hana shi sakin jiki. Akwai wani tsohon kofur daga Rigasa da sai ya ƙame ya sara wa kanta kafin ya miƙo hannu, in ya karɓi kuɗinsa kuma ya zage ni ya zagi gwamnati, a tare, don a ganinsa ni ne ita.

Bayan an dangwala sai hatimi. Ƙaramin abu ne mai mariƙin katako, da rubutun Turanci a jikinsa. Ranar da Malam Garba ya miƙa mini nawa, ya tambaye ni ko na san abin da rubutun ke cewa. Na karanta masa da Turancina na rabin zango. Ya ce in faɗa da Hausa. Na ce, cewa yake a gabana aka dangwala.

“To ɗan mishan, ka ji da kunnenka. Duk bugu ɗaya rantsuwa ɗaya ce. A cocinku an halatta shaidar zur?”

Na ce a'a.

“Mu ma haka. Ashe za mu zauna lafiya.”

Ka ji ikon Allah. Ubana katikis ne, mai koyar da addini a cocin ƙauyenmu, tun ina tsumma yake cusa mini dokokin nan, amma sai da na zo Kaduna wani mai carbi ya nuna mini inda dokar take zaune a cikin aljihun tebur.

Kada ku ɗauka hatimin mugu ne. Yana da ƙafa. In mutum ba zai iya shigowa ba, kai kake fita. Na tuna wata ranar fansho, layi har bakin titi, wani ya shigo ya ce mahaifinsa na cikin tasi a waje, ƙafa ta ƙi. Na rufe keji, na ɗauki tawada da takarda, wani ma'aikaci ya biyo ni don ya zama shaida, muka tarar da tsoho a kujerar baya an tallafe shi da filo. Na tambaye shi sunansa, ya faɗa. Na tambaye shi nawa yake so a cire, ya faɗi abin da bai kai rabin wanda ɗan ya rubuta ba. Ɗan ya hau kallon sama kamar mai neman jirgi. Muka sake takarda. Har gida mukan je, har asibiti, in manaja ya ba da izini. Abin da hatimin ya ƙi guda ɗaya ne, a kawo masa yatsa a takarda a bar mai yatsan a gida.

Haka na yi ta yi har furfura ta fara, Malam Garba ya yi ritaya ya koma Zariya. Sai shekarar tsiya ta zo, wadda aka yi ta haɗe bankuna, babba na haɗiye ƙarami. Kowace Juma'a sai ka ji an sallami wasu. Aka ce marasa digiri za a fara sharewa, ni kuwa ko ƙofar da ake raba digirin ban sani ba. Ga yara a makaranta, ga ginina a Unguwar Shanu ya kai linta ya tsaya yana kallona. Abin da ya rage mini in cika shekarun da za a sallame ni da cikakken haƙƙi bai taka kara ya karya ba. In aka kore ni kafin nan, sai ɗan abin da aka ga dama.

A shekarar aka kawo mana sabon manaja. Ba zan faɗi sunansa ba, mu dai Oga Amin muke ce masa a bayan ido. Kirista ne na nuni. Shi ya kawo addu'ar safe a reshe, a riƙe hannu a yi da'ira kafin a buɗe ƙofa, abokan aikinmu Musulmi suna gefe suna duban agogo cikin ladabi. Addu'ar takan fara da godiya ta ƙare da yawan ajiyar da hedikwata ke nema a wannan wata. Ni dai ban taɓa jin an kai wa Ubangiji lissafin ajiya da safe haka ba, amma na ce wataƙila a jami'a ake koyar da irin wannan. Kowa aka ɗora masa nemo masu ajiya. 'Yan mata masu digiri suka bazama ofis-ofis da dogayen takalma. Ni kuma darajata ɗaya ce a idon Oga Amin: asusun cocinmu duka a reshenmu suke, kuma wanda ke juya su Dattijo Barnaba ne.

Dattijo Barnaba ɗan kwangila ne, shugaban kwamitin gini, mutum mai murya kamar ganga. Shi ya tsaya mini a aurena. In ya shigo banki ba ya bin layi, layi ke bin sa da kallo.

Wata ranar Talata, a lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas kullum da yamma, ya shigo ya ajiye mini takardar cire kuɗi daga asusun zumuntar mata. Matan sun yarda su ba kwamitin gini kuɗin kwano don a rufe sabon coci kafin ruwa ya sauka. Asusun hannu biyu ne. Shugabar mata ta sa nata. Na biyun na ma'ajinsu ne, Mama Saratu, wadda dangwalawa take yi, kuma tana kwance a Badarawa da ciwon ƙafa. Ga yatsa a takarda, an riga an dangwala, baƙi ƙirin, an danna shi kamar ana kashe kiyashi.

Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali. Sannan na ce masa, Baba Dattijo, wannan sai mun je Badarawa. Ya ce a yi me? Na ce in ga Mama ta dangwala. Ya ce ai ga shi ta dangwala, a gabansa, da safen nan. Na ce ban musa ba, amma hatimin nan ba ya cewa a gaban Dattijo, cewa yake a gabana. Motarsa na waje, Badarawa ba Legas ba ce, mu je mu dawo kafin mai kwano ya gama shan shayi.

Ya ja da baya ya dube ni tun daga hula har inda kanta ta yanke ni.

“Ishaya, ni kake ce wa ɓarawo?”

“Ban ce ba, Baba.”

“Ni da na tsaya maka gaban bagade? Kuɗin aikin Allah?”

“Shi ya sa nake so mu je.”

Ya wuce ofishin manaja ba ko ƙwanƙwasawa. Jim kaɗan aka kira ni. Oga Amin ya ce mu fara da addu'a. Muka rufe ido. Ya roƙi Ubangiji ya kawar da ruhun rashin yarda daga tsakanin 'yan'uwa, ya tausasa zukata masu tauri, ya faɗi wannan har sau nawa ban ƙirga ba, ni dai na san zuciyar da ake nufi tana cikin rigata. Da muka ce amin ya turo mini takardar, ya ce tsakanin masu bi maganar dattijo ta isa, in buga.

Na ce ya ba ni izini in je Badarawa. Ya ce layi ya yi yawa, ba mai fita. Na ce to bayan an tashi. Ya ce mai kwano ba zai jira ba. Sai na zaro hatimin daga aljihu na ajiye a gabansa, da tawadar, na ce, Yallaɓai, kai ma ma'aikacin banki ne, har ka fi ni, ga shi, ka buga ka sa hannunka a ƙasa.

Ku zo ku ga yadda mai bi ke janye hannu daga tebur. Ya ce ba aikin manaja ba ne. Na ce gaskiya ne, aikina ne, shi ya sa na san abin da yake cewa. Bangaskiyar Oga Amin tana da ƙarfi ƙwarai, amma da sa hannun wani take aiki.

Ya ce in tuna da halin da ake ciki, sunayen waɗanda za a sallama na kan teburinsa, hedikwata na jira. Na ce na tuna. Ya ce in yi tunanin yarana. Na ce tun da na shigo ofishin nan su nake tunani. Na ɗauki hatimina na koma keji, na ci gaba da sallamar mutane.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce daga baya aka gano Dattijo ya saci kuɗin, aka kama shi, aka zo ana ba ni haƙuri ana kuka, kamar a wasan kwaikwayon da kuke yi ranar matasa. Ba a yi haka ba. Kafin a tashi ranar, manaja ya ba wani sabon ma'aikaci mai digiri takardar, ya buga nasa hatimin ko karantawa bai yi ba. Aka biya. Dattijo ya sayi kwano, ba a ci ko ƙusa ɗaya ba. Yatsan kuma na Mama Saratu ne da gaske, ita da kanta ta aiko a gaya mini wai sannu da ƙoƙari, ashe har ita ban yarda da ita ba. Kwanon nan da kuke zaune a ƙarƙashinsa kuna danna waya lokacin wa'azi, shi ne. Ko ɗigo ba ya yi.

To me na tsare? Ba kuɗin mata na tsare ba, ba su shiga haɗari ba. Abin da na sani shi ne ban gani ba, kuma aka ce in rantse na gani. Da takardar gaskiya da ta ƙarya duk fuska ɗaya suke zuwa da ita kanta, duk da gaggawa suke zuwa, duk wani babba ne ke riƙe da su. In hatimina ya saba yi wa mutumin kirki ƙarya, ranar da mugu ya zo ba zai gane bambanci ba, katako ne.

Juma'ar da ta biyo baya sunana ya fito. Oga Amin ya haɗa 'yar walima, da lemo da biskit, ya yi addu'a mai tsawo cewa in an rufe wata ƙofa za a buɗe mini wata. Shi da ya rufe ta yana tsaye da makullin a aljihu. Na miƙa hatimi da tawada, aka ba ni abin da aka ga dama. Ginin Unguwar Shanu ya sha damina a buɗe har bulo ya yi kore. Babbar 'yata ta bar makaranta ta koyi ɗinki. Na sa injin markaɗe a ƙofar gida, mai mirgina yatsan sojoji ya koma markaɗa tattasai. A coci kuwa aka yi wa'azi a kan 'yan'uwa masu zargin juna, ba a kira suna ba, amma duk wuyan da ke cikin ginin ya juyo. Matan zumunta suka daina zama kusa da Rifkatu na wani lokaci. Dattijo Barnaba in mun haɗu sai ya gaida iskar da ke gefena. Malam Garba kaɗai ya hau mota daga Zariya, ya zauna a bencin injina, ya ce ɗan mishan, ashe ka ji karatu. Ya sha ruwa ya koma.

Shekaru suka wuce. Bara waccan aka aiko wai Dattijo na nemana. Na ɗauka kuskuren suna aka yi. Na tarar da shi a kujera, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, muryar nan mai kamar ganga ta koma raɗa, baki ya karkace. Hannun da ke sa hannu a takardun kwangila yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Banki sun mayar da shi mai dangwalawa da hagu. Ya sa aka fita aka bar mu. Da ƙyar na gane maganarsa. 'Ya'yansa ne ke shigo masa da takardu, su kama yatsan su danna, su ce na magani ne, na asibiti ne. Wani lokaci yana gyangyaɗi yake farkawa ya ga tawada a hannunsa. Kuma a banki akwai mai buga musu hatimi.

“Ishaya, kai nake so ka riƙa duba mini.”

Na ce, Baba Dattijo, da wane hatimin? Ai kai ka san inda nawa ya tafi.

Sannan na ce ya sa a nemo keke napep, gobe mu je bankin da kansa, ya gaya musu da bakinsa kada a ƙara fitar da ko sisi sai yana wurin.

Muka je. Ni da direban muka ciccibe shi. Reshen ya canza, ba keji, gilashi ko'ina, ga sanyin nan da kuke mafarki. Aka kai mu wurin wata yarinya mai farce kamar na shaho. Ta saurari bayanin ido na kan kwamfuta, ta buga abin da za ta buga, ta turo wata 'yar na'ura mai jan haske ta ce Baba ya ɗora yatsa. Ya gwada, ya kasa. Na kama shi ta gaɓa, na goge da bakin rigata, na ɗora. Hannuna bai manta ba, har na ɗan mirgina. Na'ura ta yi ƙara. Yarinya ta jawo hatimi ta buga, ta ce an gama.

Na ce, 'yata, ba ki ko ɗago kin dube shi ba. Ta ce ba sai ta duba ba, na'ura ta gane shi. Na tambaye ta ko na'urar ce ta sa hannu a ƙarƙashin hatimin. Ta dube ni yadda kuke dubana, irin kallon da ake yi wa tsohon rediyo.

Dattijo ya ja hannun rigata da hagunsa. Na sunkuya.

“Kai ka gani?”

“Na gani, Baba. A gabana aka yi.”

“To shi ke nan. Mu tafi.”

Muka ciccibe shi muka fito. Ni na biya kuɗin keken, zuwa da dawowa, har yau bai tuna ba. In mai matsattsen wandon nan ya sami aikin bankin, ku ce ya zo in nuna masa yadda ake riƙe yatsa. Ya zo da safe, kafin masu markaɗe su yi layi.